A Daina Gaggawa Wajen Awon Haƙoran Roba

Watannin baya na kai wani baffana, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, wani shago a cikin gari inda aka rubuta a allo cewa ana sa haƙoran roba cikin kwana uku. Ciwon dasashi ya riga ya zubar masa da haƙora duka, sama da ƙasa. Mai shagon ya cusa masa wani abu mai kama da ƙulli a baki, ya fitar, ya ce mu dawo jibi. Da muka koma ya miƙo haƙora farare tas, jere reras, na biya kuɗi wajen rabin albashina na wata, muka yi godiya muka tafi.

Ba a yi mako biyu ba baffa ya cire su ya sa a gwangwani. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma abin nan naka ya fi ƙarfina. In na tauna ta dama sai hagu ya ɗaga, in na yi magana sai su riƙa karo da juna." Abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi ke jan salla a masallacin unguwa fiye da shekara ashirin, to ga shi in ya zo karatu sai haƙoran su yi ta ƙwas-ƙwas, harafin sinun kuma ya fita da fito. Don kunya sai ya tura wani gaba, shi ya koma sahu.

Daga baya na kai shi sashen haƙori na wani asibitin gwamnati. Likitan da ya duba shi bai daɗe ba ya gano cutar. Ya ce haƙoran ba su da aibu a wajen roba ko launi, aibunsu shi ne ba a auna inda na sama da na ƙasa za su haɗu ba kafin a jera su. Wannan awo shi ne abin da nake so in jawo hankalin jama'a da hukuma a kansa, domin na lura yawancinmu ba mu san ma akwai shi ba, balle mu nemi a yi mana.

Abin da ake nufi da shimfiɗar cizo

Idan mai haƙora ya rufe baki, haƙoran sama da na ƙasa suna haɗuwa a kan wata shimfiɗa wadda ta taso daga bakin haƙoran gaba ta zarce har kan turame na can ƙurya. Ita ce za mu kira shimfiɗar cizo. Mai haƙoransa bai damu da ita ba, tun da Allah ya riga ya tsara masa. Amma wanda ya rasa haƙora ɗungum, shimfiɗar ta tafi tare da su, ba abin da ya rage sai dasashi da sarari a tsakani. Tilas likita ya sake gano inda take a da, ko kuwa inda ya fi dacewa ta zauna yanzu, sa'an nan a jera haƙora ashirin da takwas a kanta, sha huɗu sama, sha huɗu ƙasa.

Wanda ya taɓa kallon mace tana niƙa a dutse zai gane muhimmancin abin. Tana niƙawa tana tura tsaba da hannu tana mayar da ita ƙarƙashin ɗan dutse. Haka harshe da kumatu suke yi a baki: harshe ya turo loma daga ciki, kunci ya taro ta daga waje, su ɗora ta a kan turame. In shimfiɗar ta yi bisa, harshe ba zai iya ɗaga abinci ya ɗora a kanta ba, sai abinci ya riƙa zubewa yana taruwa a gefen kunci, kuma duk yunƙurin da harshe ya yi sai ya ture haƙoran ƙasa daga mazauninsu. In kuwa ta yi ƙasa, sai harshe ya hau kan haƙora a yi ta cizonsa. In ta karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya haɗuwa, to shi ne abin da ya sami baffa, a danna nan can ya ɗaga. An ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, to ina ga haƙorin da aka dasa a inda ba wurinsa ba?

Kada mai karatu ya manta haƙoran roba ba su da saiwa. Zaune kawai suke a kan dasashi, yawu da tsokar baki ke riƙe da su. Masana sun ƙiyasta cewa ƙarfin cizon mai sa su bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ko shida na mai haƙoran asali ba. Wanda ƙarfinsa ya ragu haka, lalle ba shi da rarar da zai ɓatar wajen kokawa da haƙoran da ke rawa a baki.

Yadda ake awon

Bayan an ɗauki siffar dasashi an zuba ta da filasta, sai a yi wasu faifai biyu da suka hau kan dasashin daidai, a gina musu katanga ta kakin zuma a inda haƙora za su zauna. Ranar da mara lafiya ya zo aka sa masa wannan kaki a baki, ita ce babbar rana a cikin aikin duka, ko da yake shi a ganinsa ba a yi masa kome ba, tun da ba haƙori ko ɗaya a jiki.

Likita zai fara da kakin sama. Zai duba ko ya tallafi leɓe yadda fuska za ta koma kamanninta, ba ta lotsa ba, ba ta kuma turo ba. Sa'an nan ya rage ko ya ƙara tsawonsa har sai abin da ke leƙowa ƙarƙashin leɓen sama, sa'ad da baki ke hutawa, ya zama kamar milimita 1 zuwa 2, watau kusan kaurin tsinken ashana. Ga tsofaffi akan rage, domin leɓe yana sauka da shekaru, kuma dattijon da aka fito masa da haƙora waje kamar saurayi kowa ya gan shi ya san na aro ne.

Daga nan sai a daidaita karkata. Akwai wani faifai na ƙarfe ko na roba mai reshe biyu da ke fitowa waje su zagaye kumatu, wanda likitoci ke kira da sunan Fox. Ana manna cikinsa a kan kakin, sai rassan na waje su nuna wa ido yadda kakin ya kwanta a cikin baki. Likita zai tsaya a gaban mutum ya tabbatar rassan sun yi daidai da layin da ya ratsa ƙwayar idon dama zuwa ta hagu. Sai ya koma gefe ya tabbatar sun bi layin da ya taso daga ƙasan gefen hanci zuwa 'yar tsokar nan da ke bakin ƙofar kunne. Wannan layi na biyu ana kiransa da sunan Petrus Camper, masanin ƙirar jikin ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, wanda ya rayu daga 1722 zuwa 1789. Har yau likitoci suna da saɓani a kan ko saman tsokar kunnen za a nufa, ko tsakiyarta, ko ƙasanta, kuma fuskokin mutane ba ɗaya ba ne. Saboda haka layin jagora ne kawai, ba a dogara da shi shi kaɗai.

Shi ya sa ake neman shaida ta biyu daga muƙamuƙin ƙasa. A gaba, saman kakin ƙasa ya kamata ya yi daidai da kusurwar baki. A tsakiya ya kwanta daidai da gefen harshe ko ƙasa da shi kaɗan. A baya kuwa akwai wani ɗan tudun nama a ƙarshen dasashin ƙasa, bayan inda turmin ƙarshe yake a da, wanda ba ya saurin canzawa ko da ƙashi ya zaizaye. Shimfiɗar takan ƙare ne wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsayin wannan tudu. In shaidar sama da ta ƙasa suka yi daidai, an sami abin da ake nema. In sun saɓa, sai likita ya yi amfani da hankalinsa, kuma yawanci yakan fifita abin da zai zaunar da haƙoran ƙasa, domin su suka fi wuyar zama.

Akwai kuma tsawon fuska. Mutum in yana zaune shiru, leɓensa a rufe, haƙoransa ba a haɗe suke ba, akwai ɗan sarari na kamar milimita 2 zuwa 4 a tsakaninsu. Mai karatu yana iya gwadawa yanzu ya ji. Likita yakan ɗiga alama a hanci da haɓa, ya auna tazararsu sa'ad da baki ke hutawa, ya sake aunawa sa'ad da aka cije kakin, ya tabbatar wannan sarari yana nan. In aka cinye shi, haƙora za su riƙa karo wajen magana, tsokar muƙamuƙi ta gaji, dasashi ya yi ta ciwo. In kuwa sararin ya yi yawa, haɓa ta matso hanci, fuska ta tsufa, kusurwar baki ta riƙa tara yawu har ta tsage.

A ƙarshe sai a lallaɓa muƙamuƙin ƙasa ya koma mazauninsa na baya, inda yake komawa kullum in an haɗiye yawu, a manne kakin biyu a haka, a aika wa maƙerin haƙori. Shi kuma ya ɗaure su a wata na'ura mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙi, ya jera haƙoran a kai. Ba a jera su a miƙe sambal, akan ɗan lanƙwasa layin turame ya yi sama ta baya, bisa ga lanƙwasar da wani Bajamushe mai suna Ferdinand Graf von Spee ya bayyana a 1890, don haƙoran su ci gaba da taɓa juna ko'ina sa'ad da muƙamuƙi ke zamewa gaba ko gefe. Kafin a dafa robar kuma, sai a sake kiran mai haƙoran ya gwada su suna kan kaki, ya yi magana, ya dubi madubi, a gyara abin da ya saura.

Duka-duka zuwa biyar ke nan ko shida, har da na dubawa bayan an sa. Mai shagon da na kai baffa ya yi aikin a zuwa biyu. Abin da ya tsallake kuwa shi ne zuwan awo da zuwan gwaji, watau ainihin lokacin da gyara ke yiwuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kaki ana iya rage shi da wuƙa mai zafi cikin minti ɗaya, amma in roba ta dahu da kuskure babba, ba abin da ya rage sai a sake sabo.

Gwajin da bai dace da bakin Bahaushe ba

Akwai wani abu da nake so likitocinmu su yi tunani a kansa. Littattafan da suka karanta, waɗanda aka rubuta a Ingila da Amurka, sun ce a sa mutum ya furta harufan F da V don a gane ko haƙoran gaba na sama sun sauko daidai, domin a Turanci bakin haƙoran yana taɓa leɓen ƙasa wajen furta su. To amma Hausa ba ta da V, kuma F ɗinmu yawanci da leɓe biyu muke yinta, haƙori bai shiga ba. Mutumin Sakkwato ko na Nijar ma yakan mai da ita H, ya ce hwari maimakon fari. Likitan da ya ce wa tsoho daga ƙauye ya ce "fata" ko "fure" yana jiran ya ga haƙori a kan leɓe, zai daɗe yana jira.

A ganina maganin yana hannunmu. Dattawanmu da dama sun yi karatun allo, waɗanda suka koyi tajwidi kuwa sun san mafitar harafin fa na Larabci ita ce cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama. In aka roƙi malami ya furta shi yadda yake yi a karatu, an sami gwajin da ake nema. Haka kuma gwajin harafin S, wanda ake gane ko an bar isasshen sarari da shi, ba sai an tilasta wa tsoho ƙirga da Turanci ba. A ce ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in da Hausa. Kafin ya wuce sittin da shida, in haƙoran za su yi karo ko fito, an ji. Ƙananan abubuwa ne, amma ya kamata a riƙa koyar da su a jami'o'inmu na Arewa da ke horar da likitocin haƙori, kamar ta Maiduguri da ta Bayero a Kano.

Uzurin da ake kawowa

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce talaka da ke ƙauye mai nisan kilomita ɗari daga asibiti ba zai iya zuwa sau biyar ba, ga kuɗin mota, ga ɗan rakiya da zai bar gona ko kasuwa, ga layi. Za su ce likitocin haƙori kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Duk gaskiya ne. Mutane ba don wauta suke zuwa shagon kwana uku ba, sai don shi ne a kusa, shi ne da araha.

Amma a yi lissafi sosai. Ni na biya sau biyu, baffa kuma ya yi wata huɗu yana shan kunu da farau-farau, har ya rame. Araha ba ta ado. Bugu da ƙari, ɓarnar ba ta tsaya ga aljihu ba. Da zarar an rasa haƙora, ƙashin da ke riƙe da su yakan fara zaizayewa, ba ya kuma dawowa. Binciken da wata likita mai suna Antje Tallgren ta buga a 1972, bayan ta bi masu haƙoran roba shekaru masu yawa, ya nuna cewa ƙashin ƙasa yana zaizayewa kusan ninki huɗu na na sama. Haƙoran da ke danna gefe ɗaya suna jin wa dasashi rauni a kai a kai, kuma duk abin da aka rasa na ƙashi yana sa haƙoran gaba su fi wuyar zama. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wasu kuma za su ce ai yanzu zamani ya zo da kwamfuta, ana ɗaukar hoton baki da na'ura a sassaƙo haƙora ba tare da dogon zuwa ba. Haka ne, a inda ake da kayan an rage yawan zuwa. Amma har a can ma sai an auna shimfiɗar cizo da tsawon fuska a jikin mutum an ba na'urar. In aka ba ta awon banza, za ta sassaƙo kuskuren ne daidai yadda aka ba ta.

Kira ga hukuma da jama'a

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa a duniya kusan mutum 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya. Waɗannan iyayenmu ne da kakanninmu, kuma in Allah ya ja kwana, mu ne gobe.

Ƙasar nan ba ta rasa doka ba. Akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya mai rajistar likitoci, akwai kuma hukumar rajistar maƙeran haƙori da aka kafa da doka a 1987. Tsarin a bayyane yake: likita ke duba baki ya yi awo, maƙeri ya haɗa haƙora bisa ga awon. Kowa da aikinsa, kuma maƙeri nagari abokin aikin likita ne da ba a iya yi sai da shi. Abin da ya rage shi ne bin doka. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su haɗa kai da waɗannan hukumomi su zagaya shagunan da ke sa wa mutane haƙora, a tantance mai takarda da wanda ya koya da ka, a rufe na rufewa.

Amma rufe shago kaɗai ba zai ba tsoho haƙori ba. Kayan wannan awo ba su da tsada: kakin zuma ne, da faifan nan mai rassa, da ma'auni, da fitilar narkar da kaki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikaci da lokaci. Saboda haka muna roƙon gwamnatocin jihohi su tabbatar kowane babban asibiti yana da likitan haƙori da maƙeri da ɗakin haɗi mai aiki. Ga mutanen karkara kuma, asibiti yana iya tsara musu zuwa biyu a jere cikin kwana biyu, mutum ya kwana wajen dangi a gari, maimakon a ba shi rana biyar a warwatse cikin wata uku. Ana iya rage wahalar zuwa ba tare da an yar da awo ba.

Ga ɗan'uwa da zai kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ga abin da zai riƙe. Tun kafin ka biya, tambayi sau nawa za a zo. Tambayi ko za a sa kaki a baki a auna, da ko za a gwada haƙoran kafin a gama su. In aka ce ba bukata, ɗauki tsohonka ku tafi. Ranar gwaji kuwa ka tsaya a gabansa ka dube shi yana murmushi, ka ga ko layin haƙoran ya yi daidai da idanunsa. Ka sa shi ya yi hira, ya yi ƙirga, in malami ne ya yi karatu. In akwai abin da bai kwanta masa ba, ya faɗa a ranar, kada kunya ta hana shi. Iyayenmu suna da kawaici, sukan ce "ya yi" don kada su wahalar da likita ko ɗan da ya biya kuɗi, sai an koma gida abin ya ƙare a gwangwani. A kuma sani ko haƙoran da aka yi daidai suna bukatar makonni kafin baki ya saba, da komawa a ɗan goge inda ke ƙuna. Wannan dabam, karkatacciyar shimfiɗa dabam, domin ita haƙuri ba ya gyara ta.

Shi baffa sai da muka je asibiti sau shida. A zuwa na uku ya yi mita, ya ce an sa masa kaki a baki ana ta duban kunnensa da hancinsa kamar za a ɗinka masa hula. Yau yana cin tuwo da nama mai laushi, kuma ranar Juma'ar da ta wuce da asuba na ji muryarsa a lasifikar masallacin unguwa. Allah ya ba hukumominmu ikon duba wannan al'amari, ya kuma ba iyayenmu lafiya, amin.